Takwas a Ciki, Uku da Kwata a Allo

"Ka ci abinci, ko har yanzu jira kake ƙasa ta tsaya kafin ka buɗe baki?"

"Na ci, Ahma. Ke fa? Ko haƙoran suna cikin kofi ba su farka ba?"

"Haƙorana sun riga ka tashi. Sun sha faten shinkafa da kifi, sun yi gulmar rabin layin nan, kai kana kwance kana gadin fitila."

Batun fitila gaskiya ta faɗa. Tun ranar da girgizar ƙasa ta same ni a cikin lifta a Taipei, ina kan hanyar ganawar neman aikina ta farko, na koyi kallon duk abin da ke rataye. Wuta ta ɗauke, liftar ta tsaya tsakanin bene da bene tana dukan bango, mu uku a ciki ba wanda ya san wani. Da aka fito da mu ban hau wurin ganawar ba. Na bi matakala na sauka, na wuce tashar jirgin ƙasa. Mahaifiyata ta ce in tafi Tainan wurin kakata Ahma in huta, tunda shagonta a ƙasa yake, ba abin hawa.

Babu hutu a shagon Ahma a ƙarshen Agusta. Sana'arta saka suna da lambar ɗalibi a ƙirjin rigar makaranta, kuma ranar Litinin ake komawa. Riguna a leda sun cika kantar shagon, sun cika kujeru, wasu suna kan firji. Keken surfani ɗaya ne, tsohuwar kwamfuta ce ke ba shi umarni. Girgizar ta kayar da ita daga kan tebur, memorinta ɗaya ya mutu, sai ta riƙa sandarewa a tsakiyar sunan yaro. Na buɗe na duba, na ce a sayo sabon memori mai giga huɗu. Shagon Kho mai sayar da kayan kwamfuta yana can saman wata doguwar kasuwa. Na je har bakin ƙofar ginin, na tsaya, na dawo. Ita ta hau babur ɗinta ta je da kanta. Ta dawo da giga takwas, na cire tsofaffin na saka wa kwamfutar jiya da yamma.

Yanzu tana zaune gaban allon, tabarau a ƙarshen hanci, yatsa a kan wani layi.

"Zo nan, A-Ting. Kai mai digiri. Karanta min wannan."

"Uku da kwata."

"Nawa na sayo?"

"Takwas."

"Ina sauran?"

"Suna ciki."

"A cikin aljihunka?"

"Ahma, memori ne, ba alewar gyaɗa ba. Ba a gutsirar sa."

"Kai za ka iya. Kana shekara biyar ka cinye kan kifin da aka ajiye wa kakannin da suka rasu, ka juya shi ya kalli bango don kada a gane."

"An gane?"

"Kakanninka sun gane. Shi ya sa suka ba ka wannan goshin."

"Goshinki ne, kowa ya sani. Har a asibiti da aka haife ni an ce a kai wa tsohuwa kayanta."

Ta cire tabarau ta goge da gefen rigar wani yaro, ta mayar.

"Na kira Kho. Ya ce kayansa lafiya lau, babbar manhajar ce ta tsufa, ba ta gani. Yana rufe shago zai biyo ya wanke kwamfutar tas, ya saka sabuwa. Ya ce zan ga takwas ɗina da idona."

Wannan shi ne abin da nake tsoro. Manhajar da ke magana da keken surfani ta girme ni. Kamfanin da ya yi ta ya rufe tun ina firamare, faifanta ya ɓata, kuma a kan tsohuwar babbar manhaja kawai take tashi. In Kho ya wanke kwamfutar, Ahma za ta ga takwas, keken kuma ba zai sake ɗaga allura ba. Ga Litinin, ga riguna.

"Kin gaya wa Kho keken surfani ne a jikinta?"

"Na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce ƙila ya yi."

"Ƙila."

"Ƙilar mai shago ta fi tabbacin wanda ya kasa shiga shagon."

"In ya wanke ta keken nan ya kurumce. Ba yau ba, ba gobe ba."

"Haka ka ce min wayata za ta fashe in na bar ta a caji. Ga ta nan, ta fi ka lafiya."

"Tana zafi kamar tukunya."

"Ita aƙalla tana ɗaukar zafi. Kai tun da ka zo ko gumi ba ka yi ba."

"Ni fa huɗu na ce ki sayo."

Ta ɗaga hannu kamar za ta kori ƙuda.

"Kada ka sake faɗin wannan lambar a shagona. Yara za su saka rigunan nan a jikinsu."

"Lamba ce kawai, Ahma."

"Lamba ce kawai. Lambar da a yarenmu in ka faɗe ta kamar ka ce mutuwa? Asibitin da aka haife ka yana da wannan benen? Daga uku sai biyar. Likitoci ma sun sani, kai da ka karanci danna maɓalli ba ka sani ba. Na shiga na ce wa Kho, jikana ya ce uku da ɗaya, amma ni ba zan ɗauki mutuwa a jaka in hau babur ba. Ba ni takwas, mai jawo arziki."

"Kin duba abin da ya ba ki?"

"Sanda biyu, koraye, masu kyau."

"Kowace ɗaya nawa ce?"

Ta juya ga allon tana gyara tabarau.

"Raba takwas biyu, Ahma."

"Ba zan raba ba."

"Kin guji guda ɗaya, kin ɗauko biyu. Kin goyo su a bayan babur, kin ratsa gari da su, har kin tsaya sayen gwaiba."

"Da suka haɗu sunansu takwas. Kai ma uwarka da ubanka kowanne shi kaɗai abin tausayi ne, da suka haɗu..." Ta dube ni daga sama har ƙasa. "A'a, wannan misalin bai yi ba."

"Na gode."

"Ba komai. To bayyana min, tunda an biya maka makaranta shekara uku da ɗaya. Me ya sa take ganin uku da kwata? Kada ka yi min yaren 'yan kwamfuta."

Na jawo wata riga daga kan kanta na shimfiɗa aljihunta a gabanta.

"A ce makaranta ta kafa doka, lamba biyu kawai za a saka a riga. Yara nawa za su samu?"

"Ɗari, in ka haɗa da mai sifili biyu. Wannan shi zan ba ka."

"To ga yara ɗari biyu a filin makaranta. Ɗari sun samu lamba. Sauran suna nan, sun yi wanka, sun saka takalmi, amma malami ba shi da yadda zai kira su."

"Sai ya kira su da suna."

"Kwamfuta ba ta san suna ba. Lamba kawai ta sani. Kowane ɗan gurbi a memori sai an ba shi lamba kafin ta iya ajiye abu a ciki. Wannan tsohuwar manhajar lambobinta suna ƙarewa a kan giga uku da ɗaya. Ko ɗari kika saka mata, nan za ta tsaya."

"To ai ba ta kai can ba ma. Uku da kwata ta ce."

"Malamai da mai gadi su ma daga cikin lambobin ake ba su. Allo ya ɗauki nasa, sauran kayan cikinta sun ɗauki nasu. Abin da ya rage wa yara shi ne uku da kwata."

Ta matso da fuska kusa da allon.

"Kenan ta taho tana ƙirga, ɗaya, biyu, uku, da ta hango waccan lambar sai ta ja birki."

"Ba haka na ce ba."

"Haka ne. Tana da tarbiyya. Shekara da shekaru tana zaune kusa da ni, ta koya. Kai kana nan tun kana rarrafe ba ka koyi komai ba."

"To tunda tana da tarbiyya, a bar ta mana."

"Tarbiyya daban, haƙƙina daban. Na gaya wa matar mai shayi takwas na saka. Na gaya wa mai gyaran takalmi. Gobe ɗayansu ya leƙo ya ga uku da kwata, ya ce tsohuwa ta fara ƙarya."

"Matar mai shayi ba ta san inda ake kunna kwamfuta ba."

"Jikanta ya sani. Yana aiki a Hsinchu, a bene na goma sha biyu. Da lifta yake hawa."

Na mayar da rigar da na jawo cikin ledarta. Ta ɗauki almakashi ta yanke wani zare da bai buƙaci yanka ba.

Wata mata ta tsaya da babur a bakin shago, ba ta ko kashe inji ba. Ta ce rigunan 'yan biyunta fa, in ba lamba a ƙirji mai gadi ba zai bar su su wuce ƙofa ba tare da an rubuta sunansu ba. Ahma ta ce ta zo Lahadi da yamma, ko ƙasa za ta tsage za ta same su a shirye. Matar ta tafi.

"Kin yi alkawari," na ce.

"Na saba. Tun kafin a haifi uwarka nake yi."

"Da me za ki cika shi in keken ya tsaya?"

"Da hannu. Da can da me muke yi?"

"Da can kina ganin ramin allura. Jiya kin yi ta neman tabarau yana kan goshinki."

"Goshin da kake zagi. Ka ga yana da amfani."

"Ahma, ki gwada kawai. Kawo bajon makarantar 'yan mata, wanda yake sandarar da ita. In ta yi shi da uku da kwata, me za ki yi da takwas?"

"Na gwada tun kana barci. Ta yi shi."

"Ta yi?"

"Kamar ruwa. Ko tari ba ta yi ba."

"To me ya rage?"

"Biyar saura kwata. Shi ya rage. Ni ba na son abu ya zauna a gidana yana ci ba ya aiki. Ɗaya ya ishe ni."

"Ni ba na cin wutar lantarki."

"Kana cin shinkafa, ta fi tsada."

"Ke ma fa kanki haka yake. An cika shi tun zamanin da, amma uku da kwata kike iya kamawa. In za ki kira ni sai kin bi sauran jikokinki, kin kira A-Hui, kin kira A-Liong, kin kira karen da ya mutu, sannan ki iso kaina."

"Bisa daraja nake jerawa."

"Karen ya fi ni?"

"Yana fita waje shi kaɗai."

Sai zarurrukan da ke jere a kan katako suka fara rawa. Gilashin ƙofa ya ɗauki kaɗawa. Ban san lokacin da na durƙusa ba, na dai ga hannuna biyu sun riƙe ƙafar teburin yanka, kaina a ƙarƙashinsa, idona yana neman fitila. Ƙarar ta yi ƙarfi, ta wuce ta gaban shago, ta yi nisa.

"Motar gas ce," in ji Ahma. Ba ta juyo ba. "Kullum nan take bi. Tunda kana ƙasa, duba min ko akwai kwarkwaron da ya faɗi jiya."

Na duba. Akwai shi. Na miƙa mata. Ta karɓa, ta saka min rabin gwaiba a tafin hannu, ta ci gaba da abin da take yi.

"Ka ga amfanin mai digiri," ta ce. "Da ni ce sai na kira maƙwabta su ɗaga ni."

"Da ke ce ƙasar ce za ta ji tsoro."

"Tana ji. Ka taɓa ganin ta yi motsi ina tsaye? Sai na zauna take samun ƙarfin hali."

Na ci gwaibar. Na ce, "To ga wata hanya. In cire sanda ɗaya, ki mayar wa Kho. Ba mai zaman banza a gidanki."

"Nawa zai rage a ciki?"

"Uku da ɗaya cif."

"Ka taɓa murfin nan in saka maka suna a goshi da jan zare. Wuri ya isa, har da adireshi."

"To a bar biyun."

"A bar su, Kho ya zo ya buɗe mata ido."

"Ya buɗe mata ido ya rufe mata baki."

"Kai dai kishi kake. Kho bai gama sakandare ba, yana da shago da mota da mata. Kai kana da takarda a cikin kwali."

"Kho zai wanke, ya karɓi godiya, ya hau motarsa ya koma wurin matarsa. Ni da ke za a bari da rigunan nan."

"Ni dai za a bari. Kai kana ƙarƙashin tebur."

Ta tashi ta leƙa titi. Mai gyaran takalmi ya riga ya fito da nasa teburin, hayaƙin turare yana tashi a gabansa.

"Ka gani, ka sa kowa ya riga ni. Ɗauko teburin ninkewa ka kai bakin ƙofa. Yau sha biyar ga wata."

Watan bakwai ne a lissafin wata, lokacin da ƙofar matattu take buɗe, waɗanda ba su da kowa suna yawo a gari. Ba a kiransu da sunansu, 'yan'uwa na kirki ake ce musu. Na fitar da teburin. Ta jera kaza dafaffiya, da taliyar leda, da lemon kwalba, da buhun shinkafa ƙarami, ta soke tsinken turare a kan kowanne. A ƙasa ta ajiye kwano da ruwa da sabon tawul don baƙi su wanke fuska. Ina riƙe da ashana ina kallonta.

"Ahma."

"Kada ka taɓa kazar."

"Yaushe za a yi miki aikin idon nan?"

"Watan takwas. Likita ya ce wannan satin, na ce ya ajiye wuƙarsa. Wa ake yanka a watan bakwai?"

"A-Hui fa, yaushe za ta tare a sabon gidanta?"

"Watan takwas. Ta so ta yi gardama, na ce ta tare ita kaɗai, ta ga wa zai riga ta kwanciya a gadon."

"Ba a tashin gida kenan."

"Ba a tashin gida, ba a aure, ba a buɗe shago, ba a shiga teku. Sai yau ka sani? Me aka koya maka a can?"

"Abin da Kho zai yi, kin san yadda ake yinsa? Zai kwashe duk abin da ke cikin kwamfutar ya fitar. Ya share ɗakunan. Ya kori tsohon mai gida, ya shigo da sabo, da kayansa, ya raba wa ɗakuna sababbin lambobi."

Ta tsaya da tsinken turare a hannu.

"Wannan gyara ne," ta ce.

"Memorin da kika sayo shi ne gyara. An canja abin da ya karye. Wannan tashin gida ne."

"Kwamfuta ba gida ba ce."

"Ɗazu kika ce tana da tarbiyya."

"Na ce."

"Kuma ga ɗakuna biyar saura kwata a cikinta. Sababbi, share, ba lamba a ƙofa, ba mai iya ganin cikinsu, ba mai ƙwanƙwasawa. Jiya da yamma aka buɗe su, a tsakiyar watan bakwai. Ni dai ban ce akwai kowa a ciki ba."

"Rufe bakinka."

"In ni baƙo ne na sha yawo, na wanke fuska, na ci kaza, zan so wurin da zan ɗan miƙe."

"A-Ting."

"Sai ga Kho da faifai, ya kunna fitila a kowane ɗaki, yana ƙirga kai."

Ta soke turaren a jikin kazar da ƙarfin da ya wuce bukata. Ta haɗa hannu ta sunkuya sau uku, ta yi 'yan maganganunta a hankali. Da ta miƙe ba ta dube ni ba. Ta dubi titi, ta dubi kwanon ruwan, ta dubi cikin shago inda fitilar kwamfutar take ƙyaftawa. Kafaɗunta suka fara motsi. Na ɗauka tari ne, sai da ta dafa tebur na gane dariya ce.

"Kai ne ka ce min turare hayaƙi ne kawai."

"Na ce."

"Kai ne ka yi fito da dare bara, don ka nuna min ba abin da zai biyo ka."

"Ba abin da ya biyo ni."

"Ga shi nan ya biyo ka, bai yi sauri ba ne. Shekara uku da ɗaya a jami'a, ka fito mai duba a bakin haikali. Da na sani da na saya maka kujera da laima tun farko, an huta."

"Ana samu a sana'ar?"

"Ya fi zaman ƙarƙashin tebur. Ka yarda da abin da ka faɗa?"

"Na yarda keken zai tsaya."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Ke kin yarda?"

"Ni ban ce akwai kowa a ciki ba," ta ce. "Amma ba ni zan je in duba ba. Miƙo min wayar."

Na miƙa mata. Tana da zafi kamar kullum. Ta riƙe ta nesa da fuska ta nemo lambar.

"Kho? Ka ci abinci? To kada ka zo. A'a, kayanka lafiya. Watan bakwai ne, kai ma ba ka tuna min ba, wane irin ɗan kasuwa ne kai. Sai watan takwas. Jikana zai kawo maka ita da kansa ku gwada a wani faifan daban, ba a kan nawa ba." Ta saurara. "Zai hau mana. In bai hau lifta ba akwai matakala, ƙafafunsa sababbi ne, bai taɓa amfani da su ba."

Ta kashe.

"Ban ce zan je ba," na ce.

"Ban tambaye ka ba. Kai ka kawo watan bakwai, ni na kawo na takwas."

Ta koma ciki ta zauna gaban allon. Ta sake kallon layin nan, ta yi tsaki kaɗan, ta rufe shi. Daga ƙasan kanta ta zaro wata farar riga da wani ya yi shekara bai zo karɓa ba, ta ɗaure aljihunta a zoben keken, ta saka shuɗin zare.

"Rigar wa ce wannan?"

"Gwaji zan yi. Juya baya."

"Kin ce kin gwada da safe."

"Na gwada kwamfuta. Yanzu zare nake gwadawa. Juya."

Na juya ina kallon titi. Keken ya tashi, allura ta kama bugawa, ba tsayawa, ba sandarewa. Teburin ya ɗan yi rawa da bugun, na sa hannu a aljihu na bar shi a can. Da ƙarar ta tsaya na ji ta yanke zare da almakashi.

Ta wurgo min rigar a kafaɗa. A saman aljihu an saka cikakken sunana, Yen Shao-ting, da irin rubutun da ake yi wa 'yan sakandare. A ƙasa, wurin lambar ɗalibi, an saka 3.25.

"Wannan fa?"

"Lambarka. Abin da ake gani kenan a yanzu."

"Sauran fa?"

"Suna ciki," ta ce, tana warware ledar rigunan 'yan biyu. "Ni na saka, na sani. Saka ta ka zo ka riƙe min zobe."